Kaska a jikin mutum: yadda ake cire ta, da abin yi idan zazzaɓi ya biyo baya

A nan Damagaram babu wanda bai san kaska ba, sai dai mun ɗauke ta damuwar dabba ce kawai. Ka je kasuwar dabbobi ranar Alhamis ka tsaya kusa da dillalai. Mutum zai ɗaga wutsiyar rago, ya ga kaska, ya tsinke ta da farce, ya murtsuke ta tsakanin yatsu, ya goge jinin a gefen riga, ya ci gaba da ciniki. Na yi aikin jinya a ƙauyukan Damargu, wajen Tanut, kafin in dawo cikin gari, kuma har yau ba a raba bayan ɗakina da rago a turke. Abin da nake so ya shiga kunnen kowa shi ne kaska tana sa wa mutum ciwo. Wani ciwon ƙwayar mako guda ke warkar da shi, wani kuwa yana kisa, kuma dukansu da zazzaɓi suke farawa, zazzaɓin da kowa a gida zai rantse na cizon sauro ne.

Kaska iri uku muka fi cin karo da su. Ta farko ita ce ta raƙuma da shanu, mai duhun jiki da dogayen ƙafafu masu zobba fari-fari. Masana suna ce mata Hyalomma. Tana son ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa irin tamu, kuma ba ta jiran ka goge ta a ciyawa. Ka zauna a inuwar da raƙuma suka kwana, za ta biyo ƙasa da gudu ta hau ka. Ita ce ke ɗauke da zazzaɓi mai zubar da jini. Ta biyu mai zane ruwan goro a gadon baya, wadda makiyaya ke ɗora wa alhakin kirci a jikin shanu; ta fi yawa da damina, kuma ta fi son kudu, wajen Magarya da Matamai, inda ciyawa ke tsawo. Ta uku kaskar kare ce, ƴar ƙarama, ja-ja, mai ɓuya a tsagar katanga da inda kare ke kwana. Ita ce ke samun yara har cikin gida.

Yadda ake cire ta

Bakin kaska yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, kuma bayan ta kafa shi tana zubo wani abu mai danƙo da ke bushewa ya manne ta da fata. Miyaunta yana kashe zafin cizon, shi ya sa mutum kan yini da ita, har ya kwana biyu, bai ji komai ba. Ta wannan miyau cuta ke shiga jiki, kuma gwargwadon daɗewarta gwargwadon abin da ta zuba. Saboda haka da ka gan ta a nan take ake cire ta, ba a cewa sai an taso daga gona ko sai gari ya waye.

Abin aiki shi ne hantsaki mai siririn baki. Matsefatar cire ƙaya ma ta yi, in dai bakinta yana haɗuwa sosai. Ka wanke shi da sabulu ko ka goge da alkol. Ka sa safar hannu idan akwai. In babu, zura hannunka cikin leda mai tsabta marar huji. Ka nemi haske, in dare ne wani ya riƙe maka tocila.

Ka kwantar da bakin hantsakin a jikin fata, ka shigo ta gefe, ka kama kaskar daidai inda bakinta ya nutse, ƙasa da kumburarren cikin nan. Cikin kam kada ka matsa shi, don abin da ke ciki za ka tura wa mutum. Sannan ka ja sama, a miƙe, a hankali, da ƙarfi ɗaya. Ban da fizga, ban da murɗawa, ban da kaɗawa hagu da dama. Fatar za ta biyo hantsakin ta yi tsini, kuma a nan ne mutane ke tsorata su saki, ko su fizge. Ka tsaya a haka ka riƙe jan, kada ka ƙara kada ka rage. Wata cikin ƴan daƙiƙu take saki, wata kuwa, musamman ta raƙumi mai dogon baki, sai an kusa minti guda.

Wata tsohuwa ta taɓa kawo mini jikarta, ƴar yarinya da ko makaranta ba a sa ta ba, da kaska a ƙeya, a ƙarƙashin kitso. Ta ce, “Majo, tun jiya na shafa mata man shanu, ta ƙi sauka.” Na ce, “Inna, ba za ta sauka ba, riƙe mini kanta.” Sai da muka tsefe kitson wurin, na goge man da auduga don hantsaki ya samu kamawa. Ga ta nan ta ƙoshi ta yi toka-toka, ƙafafun suna motsi. Na kama, na ja, fatar ta tashi, yarinyar ta ƙanƙame zanen kakarta. Da ta saki, sai bakin ya fito ɗungurungum da ɗan farin abu manne a tsininsa. Tsohuwar ta ɗauka naman yarinyar na yanko. Danƙon nan ne da ɗan ɓawon fata, kuma idan ka gan shi ka san ta fito duka.

A daji, inda babu hantsaki, zare yana yi. Ka samu zaren ɗinki mai ƙarfi, ka ƙulla zarge sako-sako, ka zura kaskar ciki, ka saukar da zargen har ya kwanta a fata, sannan ka tsuke shi a bakinta. Ka haɗa bakin zaren biyu ka ja sama a hankali, yadda na faɗa. In zaren ma babu, ka rufe yatsunka da leda ko tsumma mai tsabta, ka kama kusa da fata iyakar iyawarka. Barinta a jiki har gobe ya fi wannan haɗari.

Man shanu, man gyaɗa, basilin, kananzir, fetur, toka, garwashi, kan ashana mai zafi, duk na ga an gwada su. Hujjar masu shafa mai ita ce numfashinta zai toshe ta sauka da kanta. Kaska numfashinta kaɗan ne ƙwarai, takan yi awanni cikin mai tana ci gaba da tsotsa, kai kana zaune kana jira. Wuta kuwa fatar mutum take ƙonawa, kaskar ta mutu da bakinta a ciki. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne a ɗiga piya-piya ko maganin wankan dabbobi a jikin yaro. Guba ce mai ratsa fata, tana iya kwantar da shi a ranar.

Idan bakin ya karye ya saura, za ka ga ɗan baƙin ɗigo. Ka gwada ɗauke shi da hantsaki sau ɗaya ko biyu. In ya ƙi, ka ƙyale shi. Ba ya girma, ba ya tafiya cikin jini, fata da kanta za ta tunkuɗo shi cikin kwanaki. Tono da allura ko reza shi ke mayar da wurin gyambo.

Kaskar da ka cire, a jikin mutum ne ko a jikin dabba, kada ka fasa ta da farce. Abin da ke cikinta yana iya shiga ta tsagar da ke hannunka ko ya fantsama maka a ido. Ka ɗauke ta hoto da waya, ka jefa ta a ƙaramar kwalba mai alkol ka rufe, ko ka jefa ta cikin wuta. Ka wanke wurin cizon da hannuwanka da ruwa da sabulu, ka shafa Betadine ko alkol.

Wuri biyu ne ba na so a taɓa a gida: cikin kunne da fatar ido. Kaska a kunne ba baƙon abu ba ne wurin yaran da ke kiwo, sukan zo da ciwon kunne ɗaya mai tsanani, wani lokaci da jini. Tsinke da gashin kaza ba sa fitar da ita, dodon kunne suke hudawa. A kai su asibiti.

Inda aka samu ɗaya, a nemi ta biyu. A tuɓe a duba cikin gashi, bayan kunne, ƙeya, hammata, ƙarƙashin mama, cibiya, inda mazagin wando ke zama, matsematsi, tsakanin ɗuwawu, bayan gwiwa da tsakanin yatsun ƙafa. Ƙananan ba sa wuce ɗigo, da yatsa ake fara jin su kafin ido ya gani. Daga nan ka rubuta ranar, ko a waya ko a jikin kalanda. Wurin zai ɗan yi ja ya yi ƙaiƙayi kwana ɗaya ko biyu, wannan ba komai ba ne, kuma cizo kaɗai ba ya sa a fara shan ƙwayoyi. Mafi yawan cizon kaska lafiya lau yake wucewa. Aikinka shi ne sa ido: makonni biyu na farko su ne masu muhimmanci, amma ka riƙe ranar a ranka har wata guda.

Idan jiki ya yi zafi

Parasetamol kaɗai za a sha. Babba ya sha ƙwaya biyu masu miligram 500, kada ya maimaita sai bayan awa 6, kuma kada ya wuce ƙwaya shida a yini da kwana. Yaro ana auna masa da nauyinsa, miligram 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa 6: mai kilo 10 miligram 150 ke nan, mai kilo 20 kuma 300. Asfirin, ibufrofen da diklofenak a ajiye su gefe ɗaya. Suna hana jini daskarewa yadda ya kamata kuma suna cin ciki, idan aka yi rashin sa'a zazzaɓin mai zubar da jini ne, su za su buɗe masa hanya. Matsalar ita ce ƙwayoyin ciwon jiki da masu tallar magani ke yawo da su a tasha da bakin kasuwa, waɗanda ƴan dako da masu kabu-kabu ke haɗiya da shayi, da yawansu da ɗaya daga cikin ukun nan aka haɗa su. Ƙwayar da ba ka san abin da ke cikinta ba, kada ka ba mai zazzaɓin da kaska ta ciza.

A ba shi ruwa a kai a kai, da kunu, da romo. In yana amai ko zawo, a dama masa ruwan gishiri da sukari: ko ƙunshin da ake samu a farmasi cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ko sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1, yana kurɓa kaɗan-kaɗan. A rage masa tufafi, a goge jiki da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Duk wannan na kafin a isa ne. A ranar za a tafi asibiti.

Can za a yi gwajin cizon sauro, TDR ɗin nan na tsinin yatsa, kuma daidai ne a fara da shi, domin a ƙasarmu shi ne kan gaba, yana kuma kashe yaro cikin kwana ɗaya. Amma kafin a soke yatsan ka buɗe baki ka ce, “Kaska ta cije ni ran kaza,” ko “Ina aiki a kwata,” ko “Na feɗe akuya makon jiya.” Kada ka jira a tambaye ka. Ma'aikacin da layi ya cika masa ƙofa da kaka ba lallai tambayar ta zo masa ba, kuma wannan ƴar magana ita ke sauya maganin da zai rubuta. Idan gwajin ya nuna babu cizon sauro, kada ka fita ka sayi maganinsa, irin su Coartem, da kanka. Idan ya nuna akwai, ka sha maganin, amma in an kwana biyu zuwa uku zazzaɓi bai sauka ba, ka koma. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar cuta biyun a tare.

Zazzaɓin kaska da aka fi samu wasu ƙwayoyin cuta ne da ake kira riketsiya ke kawo shi. Yakan taso kwana 5 zuwa 7 bayan cizo, wani lokaci har 10, da ciwon kai mai tsanani, ciwon jiki da na wuya. Yana da tambari, kuma wannan tambarin nake so kowa ya iya ganewa: a inda kaskar ta ciza sai wani baƙin ɓawo ya fito, zagaye da ja, kamar an ɗana wa mutum wutar sigari. Ba ya cika ciwo, shi ya sa mai shi ba ya ambatarsa. Kusa da shi za a ji kaluluwa, a matsematsi in cizon a ƙafa ne, a hammata in a hannu ne, a wuya in a ka ne. Kaskar shanu mai zane takan bar irin wannan baƙin tabo fiye da ɗaya. Na kaskar kare kuwa yakan zo da jajayen ƙuraje a jiki har tafin hannu da tafin ƙafa, kuma ya fi tsanani, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari.

Wani saurayi, yaron mahauta, ya zo mini bayan ya sha maganin cizon sauro har ya ƙare, an kuma ce masa taifot ne ya sha wani. Kansa yake riƙe da hannu biyu. Na tambaye shi ko yana da ƙurji, ya ce babu. Na ce, “Samari, sassauta mazagin nan in gani.” Ya yi ta noƙe-noƙe. Daidai inda wando ke zama a ƙugu, ta baya, ga baƙin ɓawon nan, a matsematsinsa kuma kaluluwa ta tashi har tana sa shi ɗingishi, shi yana cewa tsayuwar aiki ce. Kunya ke ɓoye wannan tabo sau da yawa, don kaska wuraren da tufa ta rufe take so. Namiji ya sa ɗan'uwansa ya duba shi, mace ta sa ƴar'uwarta, tun a gida.

Maganinsa doksisiklin ne, kuma ma'aikacin lafiya ke rubuta shi. Babba miligram 100 da safe, 100 da dare, kwana 5 zuwa 7, kuma ba a dainawa sai an yi aƙalla kwana 3 babu zazzaɓi. Yaro miligram 2.2 ga kowane kilo, sau biyu a rana. An daɗe ana tsoron ba ƙananan yara shi saboda haƙora, amma na ƴan kwanaki irin wannan yanzu an yarda da shi idan cutar ce ake zargi. Mai ciki ta faɗi cewa tana da ciki, likita ya zaɓa mata. Ba a jiran sakamakon wani babban gwaji kafin a fara. Zazzaɓi da tarihin kaska da baƙin tabo sun isa. Idan ita ce, cikin kwana biyu mutum kan ji kansa ya sake shi, yadda ya faru da saurayin nan. Amoksisilin ba ya yi mata komai, Bactrim ma haka, har yana iya ƙara tsananta ta.

Shan doksisiklin yana da ƙa'ida. A haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, a zaune, kada a kwanta sai bayan rabin awa ko fiye, in ba haka ba yana maƙalewa ya ƙona maƙogwaro. A ɗan ci abinci tukuna don kada ya tayar da zuciya. Fura da nono, madara, ƙwayar ƙarin jini da maganin gyambon ciki na tsotsa ko na ruwa suna hana jiki ɗaukarsa, sai a raba su da shi da awa 2 zuwa 3. Yana kuma sa rana ta ƙona fata da wuri, mai shansa ya nemi inuwa da malafa.

Akwai wani nau'in da ya kamata ƴan ci-rani su sani, wanda ya yi yawa a Senegal da Mali da Muritaniya. Wata kaska ce mai laushi da ke zama a ramin ɓera, ta fito da dare ta ciji mai barci ta koma, ba wanda ya gan ta. Zazzaɓinta yakan yi kamar kwana uku, ya tafi wajen mako guda, ya dawo, ya sake tafiya. Yana zubar da ciki. Shi ma doksisiklin ke maganinsa, amma shan farko a asibiti ake yi a zauna ƴan awanni, don jiki kan yi rawar sanyi mai ƙarfi jini ya faɗi bayan an sha.

Wanda ba a kwana da shi a gida

Zazzaɓin Kirimiya-Kongo ke nan, mai zubar da jinin da na ambata a baya. A Kirimiya aka fara bayyana shi a 1944, aka samu ƙwayar cutar a Kongo a 1956, sai a 1969 aka gane abu ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da ya kwantar, 10 zuwa 40 ke mutuwa. Ba shi da allurar rigakafi, doksisiklin kuma ba ya taɓa shi. Binciken jinin dabbobi a Nijar ya nuna ƙwayar tana yawo a cikinsu. Dabbar ba ta nuna komai: tana ci, tana tuƙa, ga ƙiba, alhali ƙwayar na cikin jininta na kamar mako guda bayan kaska ta sa mata. Mutum yana ɗauka ta cizon kaska, ko ta fasa kaska da hannu, ko ta jini da ɗanyen naman dabba lokacin yanka da fiɗa, ko ta jinin wani majinyaci.

A 2003 a Muritaniya mutum 38 suka kamu, kusan dukansu a Nuwakshot. Ta farko wata matashiya ce da ta kwanta jim kaɗan bayan ta feɗe akuya. Daga gare ta mutum 15 suka ɗauka a asibitin da aka kwantar da ita, da mutum 4 cikin danginta. Dabbobinsu da yanayinsu da yadda suke jinya duk irin namu ne, shi ya sa ba na ɗaukar labarin a matsayin na nesa.

Yana tasowa da wuri, kwana 1 zuwa 3 bayan cizon kaska, iyaka 9. In ta jini aka ɗauka, kwana 5 zuwa 6, iyaka 13. Farat ɗaya yake kama mutum: zazzaɓi, ciwon kai da baya da wuya, jiri, idanu su yi ja su ƙi haske, amai, zawo, ciwon ciki. Mutum ya riƙa faɗa ko surutai, bayan kwana biyu zuwa huɗu kuma ya koma barci da kasala. Sannan jini ya fara: haɓo, dasashi na zuba, ƙananan jajayen ɗigo a fata da cikin baki, manyan tabo baƙi-baƙi ba tare da an buge ba, kashi baƙi ƙirin, jini a amai ko fitsari, wurin allura ya ƙi tsayawa, mace ta ga jinin da ba lokacinsa ba. Masu mutuwa yawanci a mako na biyu suke tafiya, masu tashi kuma daga kwana na 9 ko na 10 suke fara samun sauƙi. Kada a jira ganin jini. Mahauci, makiyayi ko dillali da zazzaɓi ya kayar farat ɗaya kwana kaɗan bayan kaska ko fiɗa, a tafi da shi tun a ranar farko.

Ko da babu jini, waɗannan ma na gaggawa ne: ruɗewa, barcin da ba a iya tayar da mutum, jijjiga, sanƙarewar wuya, shawara a ido, fitsari ya ragu ƙwarai, numfashi sama-sama, ko ya kasa shan komai. Mai ciki, jariri da tsoho ba a jiran wata alama tare da su, zazzaɓin ya isa.

Ga yadda za a yi kafin a isa. Mutum ɗaya ya yi jinya, sauran su ja baya, masu dubiya su yi addu'a daga ƙofa. Mai jinyar ya sa safar hannu ko leda biyu-biyu, ya rufe hanci da baki, ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da sabulu duk sa'ad da ya taɓa majinyacin. Jini, amai ko zawo da ya zuba, a zuba masa ruwan jabel, kofi 1 cikin kofi 5 na ruwa, a bar shi minti 15 kafin a kwashe. Wannan haɗin na ƙasa da kaya ne, ba a wanke jiki da shi. In haɓo ne, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti 10 ba saki. In ba ya cikin hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai. Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya, ban da allurar gida a ɗuwawu. Ina girmama wanzamanmu, amma jikin da jininsa ba ya daskarewa, kowace ƴar tsaga ƙofa ce da ba za ta rufu ba, wanzamin kansa kuma zai iya ɗauka.

A kira ma'aikacin CSI, wato ƙaramin asibitin ƙauye ko unguwa, mafi kusa tun kafin a taso, ko a faɗa tun daga bakin ƙofa cewa akwai jini kuma akwai kaska, don su shirya kansu su ware masa wuri. Irin wannan majinyaci Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko asibitin gunduma ya dace da shi, inda ake ƙarin ruwa da ƙarin jini ana kuma bin aikin hanta da ƙoda. Tabbatar da cutar sai an aika jini ɗakin bincike irin CERMES da ke Yamai, amma jinya ba ta jiran sakamako. Waɗanda suka taɓa jininsa su ba da sunansu, a riƙa auna zafin jikinsu har mako biyu. Idan Allah ya yi masa rasuwa, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranci wanka da suturta shi tare da malamai. Na san nauyin wannan magana a wurinmu, amma gawar tana ɗauke da cutar, masu wanka kuma iyayen wasu ne.

Ragon layya da turken gida

Gab da babbar salla dabbobi ke kwararowa cikin gari daga Bakin Birji, Gidigir, Kundumawa da sauran kasuwanni, kowane gida da rago, yara suna kwana suna tashi a gindinsa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa ita ce a yi wa dabba maganin kaska kwana 14 kafin yanka. Hikimar a fili take: kaskar ta mutu, in kuma akwai ƙwayar a jinin dabbar, ta gama kwanakinta. Don haka mai hali ya sayi ragonsa da wuri, ya nemi ma'aikacin kiwo ya zaɓa masa magani ya auna masa. Ni ranar da rago ya shigo gidana nake duba ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne, hantsa ko maraina, da tsakanin kofato, da leda a hannuna, kuma ba na haɗa shi da na gida sai an yi masa magani.

Ranar yanka, mai fiɗa ya sa safar hannu, wanda ke da yanka ko gyambo a hannu ya bar wa wani wuƙar. A haƙa rami jini ya shiga a rufe. Fatar ita ce aka fi mantawa da ita: da jiki ya huce kaska ke sakinta ta bazu neman wani, mu kuwa yara muke ba su ja ta zuwa wurin masu saye. A naɗe ta a sa a buhu, babba ya ɗauka. Naman da ya gasu ko ya dahu sosai ba shi da haɗari, don haka ragunan da muke banƙarewa a jikin itace kewaye da wuta lafiya lau ne. A dai bar ɗanɗana ɗanyar hanta, nono kuma a tafasa shi.

Mai shiga daji ko garke ya sa dogon wando mai haske ya cusa ƙafar cikin safa, da yamma a duba jiki, a kakkaɓe tufafi a waje a shanya su a rana. Kare a yi masa magani, a liƙe tsagar katangar da yake kwana. Maganin wankan dabbobi irin su amitraz da sifametrin a bi awon da aka rubuta, a yi a fili da safar hannu, a tambayi ma'aikacin kiwo kwana nawa za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a yanka ta, don kowane magani da nasa wa'adin. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada ta koma ta zuba mai ko ruwan sha.